Ga mai son shiga sojan ruwa

Wa'alaikumus salam ƙanena. Ka ce ka gama sakandare, kana son cike fom ɗin sojan ruwa, amma ba ka taɓa ganin teku ba, ko iyo ba ka iya ba, kuma kana so ka san wane irin mutum suke nema.

Maganar iyo ka cire ta daga ranka. Da yawa daga cikinmu 'yan Arewa haka muka isa makarantar horas da kurata da ke Onne a jihar Ribas, kuma can aka koya mana. Murtala Nyako ɗan Adamawa ne, Awwal Zubairu Gambo ɗan Kano ne, dukansu sun shugabanci rundunar baki ɗaya. Don haka nisan garinku da teku ba zai hana ka komai ba.

Abubuwa uku rundunar ta rubuta a matsayin ginshiƙanta: gaskiya da riƙon amana, ƙwarewa a aiki, da aiki tare. Kafin ka yi mako guda a Onne ka haddace su. Sai ka hau jirgi za ka gane nauyinsu, kuma a ganina na farkon ne ke ɗauke da sauran.

Ni a ɗakin injin na yi aikina. Idan jirgi yana tafiya, awa hurhuɗu ake karɓa-karɓa, kuma wadda ta fi ciwo ita ce ta sha biyun dare zuwa huɗun asuba. Kowace awa za ka zaga da tocila, ka duba zafin injin, ka duba mai, ka leƙa ƙasa ko ruwa ya taru, ka rubuta abin da ka gani a littafi. Ga zafi, ga ƙara, ga barci yana fizgarka, wataƙila ma tun magariba kake amai saboda igiyar ruwa. A nan Shaiɗan zai ce maka ka kwafi lambobin awar da ta wuce ka zauna abinka, ai ba mai ganinka. Gaskiya ne, ba mai ganinka. Amma a samanka akwai mutane kwance, sun cire takalma sun yi barci, don sun yarda akwai wanda idonsa biyu a ƙasa.

Na yi aiki da wani yaro, ƙaraminmu ne a lokacin. Wani dare yana zagaye ya ga ɗigon mai yana fita daga gaɓar wani bututu, kusa da inda ƙarfe ke ɗaukar zafi. Ɗigo ne kawai, da tsumma zai iya gogewa ya wuce. Ya je ya tashi oga daga barci, ya san sarai zai iya shan faɗa. Da aka kwance wurin sai aka tarar ya tsage. Babu abin da ɗan jirgi yake tsoro kamar gobara, domin a tsakiyar teku ba 'yan kwana-kwana da za a kira, ku ne su, kuma ba inda za ku gudu. Tun daga ranar, duk abin da yaron nan ya rubuta a littafi ba mai sake dubawa.

Sai jarrabawar kuɗi. Idan aka tura ka yankin Neja Delta za ka haɗu da ɓarayin ɗanyen mai, kuma ba kullum da bindiga suke zuwa ba. Wani lokaci da ambulan suke zuwa, abin da ke ciki ya fi albashinka na wata da watanni, ba su ce ka yi komai ba illa ka kau da kai. A 2003 aka kama wani jirgin dakon mai, African Pride, bisa zargin satar ɗanyen mai, a 2004 ya ɓace daga inda ake tsare da shi a Legas, maganar har ta kai manyan hafsoshi gaban kotun soja. Jirgi guda sukutum! Abin ya daɗe yana yi wa masu sa farin kaki ciwo. Wanda ya karɓa sau ɗaya ya zama nasu, ba zai sake iya ɗaga musu murya ba. Idan ka san kana da kwaɗayin arzikin dare ɗaya, don Allah ka nemi wata sana'a.

Biyayya kuwa, ka shirya karɓar umarni daga wanda ka girma, ko daga mace, ka ƙame ka sara. Wannan yana yi wa samarinmu wuya da farko. Ka yi abin da aka ce, in kana da ƙorafi akwai hanyar kai shi daga baya. Kuma ɗaki ɗaya za ku kwana da Bayarabe da Ibo da ɗan Ijo, gado a kan gado, ruwan wanka a ƙididdige. Mai ƙazanta da mai taɓa kayan wani ba sa daɗewa asirinsu bai tonu ba. Na sha ganin Kirista ya tsaya wa Musulmi ya je ya yi buɗa-baki, shi ma ranar Lahadi a rama masa. Sallarka ba mai hana ka, amma ba ka barin wurin gadi sai wani ya karɓe ka.

Ƙwaya, ko tiramol ko kodin ko wiwi, ka rabu da ita tun yau, ana gwaji. Ka kuma iya bakinka da wayarka: inda jirgi ya dosa ba labarin Facebook ba ne. Ba kuma teku kaɗai ba ne, ana iya kai ka Baga a bakin Tafkin Chadi.

Fom kyauta ne, duk wanda ya ce ka ba shi kuɗi ya sa sunanka ɗan damfara ne. Kada ka rage shekaru, kada ka gabatar da takardar da ba taka ba, kada ka ɓoye wa likita ciwo, musamman asma ko farfaɗiya, don a kan ruwa suna iya kashe ka. Ka fara gudun safe tun yanzu. Ka zauna da iyayenka ka gaya musu za a yi makonni ba su ji muryarka ba idan kuna teku, ka nemi albarkarsu kafin ka cike komai. Allah ya ba da sa'a.