Tambayi Likita: Tun da ta haihu ba ta sake komawa daidai ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, sannu da ƙoƙari. Dan Allah a kan yayata nake tambaya, shekara 6 kenan da ta haihu a gida jini ya ɓalle mata aka kwashe ta ranga-ranga zuwa asibiti sai da aka yi mata ƙarin jini leda huɗu, Allah ya tashi kafaɗunta amma tun lokacin ruwan nono bai zo ba sai madara aka ba yaron, al'ada ma har yau ba ta dawo ba, kullum tana kwance ba ƙarfi, ko ana tsakiyar zafin bazara ita tana lulluɓe da zani, gashin hammatarta duk ya zube. An sha maganin taifod da maleriya har mun gaji, dangin miji na cewa son jiki ne wasu kuma sun ce iska ce. Mene ne wannan? Daga ƙanwarta, Tudun Jukun, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya saka miki da kika tsaya wa yayarki. Ban duba ta ba, amma wallahi yadda kika jero abin nan, zubar jini wurin haihuwa, ba ruwan nono, ba al'ada, ga zubewar gashi, duk likitan da ya ji zuciyarsa za ta tafi kan ciwon da ake kira Shihan, sunan wani likitan Ingila ne Harold Sheehan da ya yi bayaninsa a 1937.

A ƙasan ƙwaƙwalwa, can ta bayan hanci, akwai wata 'yar tsoka mai suna fituwitari, girmanta bai wuce ƙwayar wake ba amma ita ke aika sinadaran da ke sa nono ya kawo ruwa, su sa ƙwan mace ya nuna al'ada ta zo, su tashi tayirod da ke wuya, su kuma umarci adirinal, wasu 'yan tsoka biyu da ke zaune a saman ƙoda, su fitar da kotisol wanda shi ke riƙe awon jini da sugan jiki musamman in mutum ba shi da lafiya. In mace na da ciki wannan tsokar girma take ƙarawa don tana shirin shayarwa, buƙatarta ta jini ta ƙaru, to in aka zo haihuwa jini ya zuba da yawa awon jini ya faɗi ƙasa sai jinin ya kasa isa wurinta, wani ɓangarenta ya mutu. Kuma wanda ya mutu ba ya farfaɗowa, gara in faɗa miki gaskiya tun yanzu.

Abin da ke ƙona min rai shi ne jinkiri. Binciken da aka yi a ƙasashe irin su Turkiyya ya nuna mata da dama sai sun yi shekara 10 ko fiye kafin a gano abin da ke damunsu, saboda ciwon ba ya ihu, gajiya ce kawai da jiri da jin sanyi da fata ta bushe ta yi fari fat, mace tana zaune kan kujera 'yar tsugune tana wanke-wanke ta miƙe sai ta ga duhu ta dafe bango, a ce ai raki ne. Ba son jiki ba ne, a daina faɗa mata haka. Addu'a kuma a ci gaba da yi, amma a haɗa da asibiti.

Ku kai ta asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, ku nemi a tura ku wurin likitocin suga da sinadaran jiki, kuma ki fara ba su labarin haihuwar nan ko ba su tambaya ba. Za a ɗibi jini da safe wajen ƙarfe 8 zuwa 9 don a lokacin kotisol ya fi yawa, a auna gishirin jini da suga da sinadaran haihuwa, sannan na tayirod a auna T4 ɗin kansa, wato sinadarin da tayirod ke fitarwa, kar a tsaya a TSH kaɗai, wato wanda fituwitari ke aikawa ya tashi tayirod, don a irin wannan ciwon yana iya fitowa lafiya lau alhali ba lafiyar. Wataƙila a nemi hoton MRI na kai.

Magani akwai alhamdulillahi, abin da jiki ya daina yi ne ake mayar masa. Hayidirokotison, wato maganin da ke maye gurbin kotisol, ake farawa da shi, yawanci miligiram 15 zuwa 25 a rana a raba biyu ko uku kaso mafi yawa da safe, bayan nan a ƙara na tayirod. In aka juya aka fara da na tayirod ana iya jefa ta cikin haɗari, shi ya sa ban yarda a je kemis a haɗo mata ba. Ana kuma ba da sinadarin mata don ƙashi kar ya lalace, kuma in tana son ƙarin haihuwa akwai allurai da ke sa ƙwai ya nuna, an samu waɗanda suka haihu.

Amma fa shan maganin har ƙarshen rayuwa ne. Wani bincike da aka yi a Suwidin a 1990 ya gano masu raunin fituwitari sun fi sauran mutane mutuwa da wuri ta hanyar ciwon zuciya da jijiyoyin jini, kuma tun daga nan likitoci suka ƙara sa ido kan hawan jini da suga da kitsen jininsu, suka kuma rage yawan maganin da ake ba su don yawansa ma illa ne. Ranar da zazzaɓi ya kama ta sai ta ninka hayidirokotison ɗin kamar yadda likita zai koya mata, in kuma amai ne ko gudawa har ƙwayar ba ta zama, ba a jira gari ya waye, asibiti za a nufa a yi mata allurarsa miligiram 100 da ƙarin ruwa. A rubuta sunan ciwon da maganin a kati ya zauna cikin jakarta, mijinta ma ya sani. Batun azumi kuma ta zauna da likitanta tun watan Sha'aban.

TAMBAYA: Likita ni kuma siririya ce, da bikina ya matso ƙawata ta kawo min sha ka fashe, wata 8 ina sha. Fuskata ta yi suntum, ciki ya fito ƙafafu kuma sun tsotse, ga wata jar nankarwa a cinya da ciki. Na daina sha na kwana uku sai amai da jiri kamar zan mutu na koma sha. Ya zan yi? Daga wata amarya, Samaru.

AMSA: 'Yar'uwa kar ki sake dainawa lokaci guda, wannan aman da jirin ba ƙaramin abu ba ne. Yawancin abin da ake sayarwa da sunan nan akwai deksametazon a ciki, wanda ya ninka kotisol na jiki ƙarfi wajen sau 25, kuma in mutum ya wuce sati uku yana sha adirinal ɗinsa na iya daina aiki tunda ana kawo mata daga waje. Kumburin fuskan da tumbin ba ƙibar lafiya ba ce, ruwa ne da kitse a inda bai kamata ba tsoka kuma na narkewa, alamomin ciwon Kushin kenan da likitan Amurka Harvey Cushing ya bayyana, sai dai naki ƙwaya ce ta jawo. Man bilicin da ake haɗawa da kulobetasol ma yana ratsa fata ya yi irin wannan ɓarnar, in kina shafawa ki faɗa.

Ki ɗauki kwalin ko ledar maganin ki kai wa likita, ba kunya a nan, zai dinga rage miki kaɗan-kaɗan har adirinal ta farka, abin kan ɗauki watanni wani lokacin shekara ko fiye. Fuska za ta saɓe, nankarwar za ta dushe amma ba ta ɓacewa duka. A auna miki suga da hawan jini, a duba ido, kuma in kin fara jin ciwo a ƙugu ko matsematsi in kina tafiya ki faɗa da wuri a ɗauki hoto, don maganin nan na iya kashe kan ƙashin cinya ko da an daina shansa. In akwai yiwuwar ciki ya shiga, wannan ma likitan ya ji tun zuwan farko.