Kuskuren da ke sa a jefar da CV

Ɗan'uwa ka ce ka gama jami'ar Marwa a Kamaru, kana ta kai dosiye na neman aiki ba a kiranka, ko laifin CV ne, wato takardar tarihin karatunka da aikinka? Mai yiwuwa fa.

Babban abin shi ne Faransanci mai kurakurai, wallahi mai ɗaukan aiki na ganin kuskure a layin farko ya ture takardar, to ka ba wani ya duba maka kafin ka buga. Kuma kar ka cika shafi 4 da tarihi tun firamare, shafi ɗaya ko 2 ya isa, ka fara da digirinka sannan Bak, wato shaidar gama sakandare.

Kar ka rubuta kana jin Turanci alhali gaisuwa kawai ka iya, za su gwada ka. Amma Fulatanci kam saka shi, ƙungiyoyin agaji a arewa suna nemansa. Lambar waya kuma, ka saka wadda ke a kunne.