Makin Tafiya da Bashin Dala: Amsa ga Wani Ɗan Kasuwa a New York

Tambaya: Ina zaune a unguwar Bronx da ke birnin New York, ina sayen takalma da turare da wayoyin hannu ina turawa Kano, ƙanina yana sayarwa yana aiko mini da kuɗin. Da katin bashi nake sayen kayan domin in tara makin tafiya, wato makin da banki ke bayarwa a kan sayayya, waɗanda ake karɓar tikitin jirgi da su. Yanzu katunana uku, na tara maki 140,000, amma akwai kimanin dala 9,000 da ban biya ba, kowane wata ina biyan ɗan abin da banki ya yanka mini kafin kuɗin kaya su zo daga gida. Wane kati zan ƙara buɗewa domin makin su ishe mu zuwa gida Babbar Sallah, ni da maiɗakina da yara biyu?

Amsa: Malam, kada ka buɗe kati na huɗu, kuma ba zan zaɓa maka ko ɗaya ba, domin abin da ya kamata ya hana ka barci yana tsakiyar wasiƙarka, ka ambace shi ka wuce kamar ba komai ba. Dala 9,000 ɗin nan da ke kwana a kanka daga wata zuwa wata ita ce maganar, kuma muddin tana nan, duk makin da ka tara saye ka yi da tsada, ko da bankin yana kiransu kyauta.

Bari mu yi lissafi. Kuɗin ruwan katin bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara, kuma katunan da ke ba da makin tafiya sukan fi sauran tsada. Idan muka ɗauka naka kashi 24 ne, dala 9,000 tana haifar maka ruwan dala 180 kowane wata, wato dala 2,160 a shekara. Ɗan abin da banki ke yanka maka yawanci ruwan watan ne da kashi ɗaya cikin ɗari na uwar kuɗin, saboda haka idan ka biya dala 270, dala 90 kawai ta taɓa bashin, sauran ta tafi aljihun banki. To, makin fa? A mafi yawan tsare-tsare maki ɗaya yana daidai da santi ɗaya, wato kashi ɗaya cikin ɗari na dala, wanda ya ƙware wajen neman tikiti yana iya samun santi ɗaya da rabi ko biyu. Makinka 140,000 ke nan ba su wuce dala 1,400 zuwa 2,100 ba a hannun mutum irinka. Ruwan shekara ɗaya ya cinye su kaf, ban ma sa kuɗin shekara da kowane kati ke karɓa ba. Kowace dala da ka kashe tana dawo maka da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari sau ɗaya tak, shi kuwa ruwa yana cire kashi biyu kowane wata har ranar da ka biya.

Akwai kuma wata asara da yawancin mutanenmu ba su sani ba. Dokar katin bashi da Amurka ta yi a shekarar 2009 ta wajabta wa banki ya ba mutum aƙalla kwana 21 tsakanin fitowar takardar lissafin wata da ranar biya, kuma wanda ya biya komai cikin wannan wa'adi ba ya biyan ruwa ko sisi. Wannan rangwamen na masu biya cif ne kawai. Da zarar ka bar saura ya tsallaka wata, rangwamen ya faɗi, duk sabon abin da ka saya ruwa zai fara hawa kansa tun daga ranar da ka saya. Takalman da ka ɗauko jiya domin ka ƙara maki sun fara cin ruwa tun ba su shiga kwali ba. Ka ɗauko takardar lissafinka ta wannan watan, akwai wani ɗan akwati da doka ta tilasta wa banki ya buga, inda yake nuna shekarun da za ka yi kana biya idan ka tsaya a kan mafi ƙarancin biya, da jimillar abin da za ka biya. Ka karanta shi tare da maiɗakinka.

Yanzu mu zo ga tushen abin. Ka mai da katinka jarin ƙaninka, ba tare da kun zauna kun yi magana a kan haka ba. Kai ne ka ci bashi da sunanka, a dala, da ruwa mai tafiya kullum, shi kuwa yana sayarwa a naira, wataƙila ma yana ba abokan cinikinsa bashi, yana aiko maka lokacin da ya ga kasuwa ta buɗe. Ban ce yana cutarka ba, kuma ina kyautata zaton bai ma san cewa jinkirin kowane wata yana ci maka dala 180 ba, domin kunya ta hana ka faɗa masa. Amma banki bai san zumunci ba, bai san kwantena ta maƙale a tashar jirgin ruwa ba, bai san damina ta kashe kasuwa ba. Ranar biya kawai ya sani.

Haɗarin canjin kuɗi ma kai kaɗai ne ke ɗauke da shi. Tsakanin tsakiyar shekarar 2023, lokacin da aka saki naira ta nemo wa kanta farashi, da farkon 2024, dala ta tashi daga wajen naira 750 a kasuwar bayan fage zuwa sama da 1,500. Ɗan kasuwar da ya tura kayan dala 1,000 aka sayar da su naira 900,000, yana tsammanin dala 1,200, idan kuɗin suka yi jinkirin watanni a Kano kafin a canza su, dala 600 ce za ta shigo hannunsa. Wanda ya yi wannan cinikin da kuɗinsa ya yi asara ya haƙura. Wanda ya yi shi da katin bashi ya yi asara, sannan ya ci gaba da biyan ruwa a kan asarar.

Na taɓa zama da wani magidanci mai tura tsofaffin motoci da kayan gyaransu gida, wanda ya bi wannan hanyar da kake kai. Ya ga tukuicin buɗe kati, irin wanda ake cewa ka kashe dala 4,000 cikin wata uku a ba ka maki 60,000, sai ya riƙa karɓar saƙon 'yan'uwa yana saye da kati, su kuma suna cewa za su biya idan kaya sun iso. Wani ya biya rabi, wani ya ce motar ba kalar da ya ce ba ce, wani ya rasu kafin ya biya aka shiga rabon gado. Da abin ya yi masa yawa sai ya fara ciro tsabar kuɗi daga wannan kati yana biyan wancan, alhali ciro tsabar kuɗi ba ya kawo maki ko ɗaya, ana cajin kusan kashi biyar cikin ɗari nan take, ruwansa ya fi na sayayya tsada, kuma daga ranar yake fara hawa. A ƙarshe ya yi jinkirin wata biyu, bankin ya ɗaga masa ruwa zuwa kusan kashi 30, daga baya ya rufe asusun, makin da ya yi wa wannan wahalar duka suka tafi tare da asusun. Garin neman gira ya rasa ido. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne lokacin da ya nemi hayar gida mafi girma saboda iyalinsa, mai gidan ya duba tarihin bashinsa ya hana shi. Jinkirin da ya kai kwana 30 yana shiga tarihin mutum, kuma yana zama a ciki shekara bakwai. A ma'aunin FICO, wanda ake auna amincin mutum wajen biyan bashi da shi, yana kuma tashi daga 300 zuwa 850, biya a kan lokaci shi ne kashi 35 cikin ɗari, yawan bashin da ke kan mutum kuma kashi 30. Ga baƙo a Amurka wannan ma'aunin ya fi kowane tikitin jirgi daraja, domin da shi za ka kama haya, ka sayi mota, ka yi inshora.

Na san inda ka ga wannan mafarkin. Masu bidiyo a YouTube da ke nuna kansu a kujerar manya suna cewa ba su biya komai ba, da yawansu bankuna na biyansu la'ada a kan duk wanda ya buɗe kati ta hanyarsu. Haƙurina yana ƙarewa a kan wannan tallan, domin ba sa tsayawa su jaddada sharaɗin da komai ya rataya a kansa, wato mutum ya kasance yana da kuɗin a ajiye kafin ya goga kati. Bankin da ke raba maki yana samun kuɗinsu ne daga kason da yake cira wajen masu shaguna, da kuɗin shekara, da ruwan da mutane irinka ke biya. A halin da kake ciki kai ne kake saya wa waɗancan tikiti. Sannan ga maganar riba, wadda ba zan tsallake ba. Malamai sun saɓa a kan riƙe katin bashi ga wanda yake biya cif kafin ruwa ya hau, kuma wannan ka tambayi malamin da ka amince da shi. Amma biyan ruwa wata bayan wata domin neman tikitin Sallah, ban ga ta inda zuciyarka za ta natsu da shi ba.

Abin da za ka yi a wannan makon shi ne ka cire katunan uku daga aljihunka da wayarka, kada ka ƙara sayen ko igiyar takalmi da su. Kada ka rufe su tukuna, domin rufe kati yana iya tafiya da makin da ke kansa. Ka kira ƙaninka, ka karanta masa adadin yadda yake, ka nemi ya rubuto maka abin da ya rage a shago, abin da ke hannun mutane, da abin da ke hannunsa. Ku sa rana, ko da zai karya farashin wasu kayan ya sayar, domin kayan da ke zaune a shago suna ci maka kashi biyu kowane wata. Daga yanzu kuma ƙa'ida ɗaya ce tsakaninku: kuɗin kayan da suka tafi su dawo kafin sababbi su tashi, a lissafa su a dala, a rubuta a littafi ɗaya da ku biyu kuke gani. Zai ji nauyin maganar da farko, amma gara ya ji ta yanzu da ranar da za ka kira shi kana cewa banki ya kai ka kotu.

Duk abin da ya shigo ka zuba shi a katin da ya fi ruwa mai tsada, sauran biyun ka ci gaba da biyan abin da aka yanka kada su yi jinkiri. Idan bankinka yana karɓar maki a kan santi ɗaya cikakke, kamar yadda Chase ke yi, ni a wurinka zan mai da makin nan 140,000 kuɗi in rage dala 1,400 daga bashin yau ɗin nan. Idan kuwa ƙasa da haka yake bayarwa, kamar yadda American Express ke yi idan za a rage bashi da maki, ka ajiye su. Akwai katunan da ke karɓar tsohon bashi su tsayar da ruwa na shekara ɗaya ko fiye, a kan cajin kashi uku zuwa biyar cikin ɗari. Wannan yana taimakon wanda ya riga ya toshe ɓarakar, amma ga wanda har yanzu yake tura kaya bashi, ƙarin igiya ce kawai, shi ya sa ban ce ka fara da shi ba.

Sallar bana kuwa, ko dai ka je kai kaɗai da kuɗin da ka tara, ko ku haƙura sai baɗi. Ko da babu bashin ma, maki 140,000 ba za su kai mutum huɗu Kano su dawo da su ba, kuma kamfanonin jirage kujeru kaɗan suke warewa masu maki, balle huɗu a jirgi ɗaya a lokacin da kowa ke son tafiya.

Idan Allah Ya sa ka wanke bashin, ka kuma yi wata shida kana biya cif, to sai mu yi maganar maki da gaske. Kati ɗaya ya ishe ka, ka ɗora masa cefane da man mota da kuɗin waya, abubuwan da dama za ka biya, ka umarci banki ya riƙa cire dukan kuɗin da kansa kowane wata. Babu jirgin da ke tashi daga Amurka kai tsaye zuwa Kano, amma Ethiopian Airlines yana zuwa ta Adis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira, Qatar Airways ta Doha. Na farko da na biyu suna cikin ƙawancen Star Alliance tare da United da Air Canada, kuma makin Chase suna komawa United da Air Canada ɗin, don haka ana iya kama kujerar Habasha ko ta Masar da su. Ka fara dubawa da wuri, domin yawancin kamfanoni suna buɗe kujeru kimanin wata goma sha ɗaya kafin tafiya, ka kuma tuna Sallah tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Ka duba harajin da ƙarin kuɗin mai da za a caje ka a kan tikitin makin, domin a wasu hanyoyin, musamman ta Landan, sukan kai ɗaruruwan daloli. Kada ka tura maki daga banki zuwa kamfanin jirgi sai ka ga kujerar a buɗe da idonka a ranar da kake so, domin makin da suka tafi kamfanin jirgi ba sa dawowa banki.