Amsa: wane tsuntsu ne "nesher" a jerin tsuntsayen da Attaura ta hana ci?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko nesher, kalmar Ibrananci da ke cikin jerin, gaggafa ce kamar yadda fassarori da dama suka sa. Hujja ta fi karkata ga ungulu. Duba Mika 1:16, inda aka ce a aske kai ya yi sanƙo kamar na nesher. Gaggafa kanta cike yake da gashi, babbar ungulun duwatsun Yahudiya kuwa kanta kamar an aske.

Wahalar ita ce Littafin Firistoci 11:13-19 sunaye 20 kawai ya jero, babu siffa ko ɗaya. Maimaitawar Shari'a 14 ta kawo 21. Wasu a fili suke: orev hankaka, hasida shamuwa, dukifat alhudahuda, atallef jemage, don jerin na masu fiffike ne. Tinshemet kuwa ya fito cikin tsuntsaye, ya sake fitowa cikin masu rarrafe a Littafin Firistoci 11:30.

Shi ya sa malaman Mishna, tsohon littafin dokokin Yahudawa, a sashen Hullin 3:6, suka ba da alamu: kada ya zama mai fizgar nama da farce, ya kasance da ƙarin yatsa, da jakar abinci a wuya, da ƙundun da fatar cikinsa ke ɓarewa da hannu. A aikace dai Yahudawa masu kiyaye dokar suna cin wanda al'adar kakanni ta tabbatar ne kawai, irin kaza da tattabara.