Ƙanena, tsaya ka karanta kafin ka biya kuɗin kayan kwamfutar nan

Salam ƙanena, na ga saƙonka, barka da samun admishan, Allah ya sa albarka ya sa biza ta fito cikin sauƙi. Ka ce kana so ka haɗa kwamfutar gem ɗinka ta farko kafin ka taso Jamus a Oktoba, kuma ka turo min abin da ka rubuta za ka saya: firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 7600, mazabod (babban allon da sauran kayan ke zama a kai) B550, ram DDR4 guda biyu 8GB 8GB da ka riga ka karɓa wajen wani abokinka a Samaru, katin girafik (mai sarrafa hoto) RTX 4060, SSD 1TB na ajiye fayil, sai kes, wato akwatin kwamfutar, wanda ya zo da fawa saflai ɗinsa mai raba wa kayan wuta a ciki. Kana tambaya ko sun dace da juna, kuma ko ka saya a gida ka taho da su ko ka bari sai ka iso.

Toh gaskiya ba su dace ba, dan Allah kar ka tura wa kowa ko sisi tukuna. Ryzen 5 7600 soket ɗinsa, wato mazaunin firosesa a kan mazabod, AM5 ne, ita kuma B550 ta AM4 ce, ko ka kwana kana gwadawa ba zai zauna ba, kamar ka ɗauko murfin wata tukunya ne ka ce sai ya rufe wata. Ginin nasu ma daban yake, a AM4 'yan siraran fil ɗin nan a jikin firosesan suke, a AM5 kuma a cikin soket ɗin mazabod suke shi firosesan ƙasansa a shafe. Sannan AM5 ba ya karɓar DDR4 sam, DDR5 kawai, kaga kenan ram ɗin da ka saya ma ba zai yi aiki da 7600 ɗin ba. In ka ɗauki DDR4 da DDR5 ka jera tsawonsu ɗaya ne, shi ya sa mutane ke ruɗewa, amma duba tsagar da ke ƙasa wajen zinariyar nan, ba wuri ɗaya take ba, an yi haka ne da gangan don kar wani ya danna da ƙarfi ya ƙona kaya.

Abin da nake so ka riƙe shi ne firosesa da mazabod da ram tare ake zaɓensu rana ɗaya a takarda ɗaya, ba yau ka ga wannan da araha ka ɗauka ba wata mai zuwa ka ga wancan. Sauran kayan suna da sassauci, katin girafik misali kusan kowace mazabod ta zamani za ta karɓe shi, amma waɗannan ukun ba sa yafiya.

Yanzu hanya biyu ce a gabanka. Ko dai ka bar B550 da ram ɗinka ka canza firosesa zuwa Ryzen 5 5600, ko ka riƙe 7600 ka nemi mazabod B650 da DDR5 ka sayar da ram ɗin nan. Ni a ganina ta farkon ta fi maka, saboda 5600 tare da RTX 4060 zai buga maka EA FC da GTA V da Call of Duty a 1080p lafiya lau, kuma tun ƙarshen 2025 ram ya yi tsada a duniya gaba ɗaya, wanda ke hannunka yanzu dukiya ne ba abin yarwa ba. Amfanin AM5 shi ne gaba, ya fito ne a 2022 kuma AMD sun ce za su ci gaba da yi masa sabbin firosesa har bayan 2027, shi kuwa AM4 tun 2016 yake, ya kusa ƙarshen hanyarsa. To amma kai ɗalibi ne, abin da zai yi maka aiki shekara uku huɗu ba tare da ya cinye kuɗin abincinka ba shi ne naka.

Ka lura fa da haruffan da ke bayan lamba, nan ake yawan cutar mutane a kasuwa. 5600 daban 5600G daban. Mai G ɗin yana da girafik a cikinsa, yana nuna hoto ko ba kati, amma a gem in an saka kati bai kai 5600 ba, kuma hanyar da yake magana da kati, wato PCIe, 3.0 kawai yake bayarwa alhali 5600 a kan B550 yana ba da 4.0 mai sauri. Shi 5600 zalla ba ya nuna komai sai da kati, in ka soka wayar monita a bayan mazabod baƙi ƙirin za ka gani ka ɗauka kaya sun mutu, a jikin katin girafik ake sokawa, can ƙasa. A ɓangaren Intel kuma harafin F ne ke nufin babu girafik a ciki, irin su i5-12400F, shi ma firosesa ne mai kyau a wannan kuɗin, sai dai mazabod ɗinsa mai soket LGA1700 kala biyu ne, akwai na DDR4 akwai na DDR5, dole ka karanta jikin kwali. In wani ya ce maka ka ɗauki B450 ta fi araha, eh tana iya ɗaukar 5600 amma sai an sabunta mata bayos, wato manhajar da ke cikin mazabod mai tayar da kwamfuta, in tsohon bayos ne a kai ba za ta tashi ba, kuma ba kowacce ce ke da maɓallin da ake sabuntawa da filash ba tare da firosesa ba. Tambayi mai shago ya kunna maka a gabanka, in ya ƙi ka wuce.

Ram ɗin nan naka ka tabbata na tebur ne ba na laftof ba, na laftof gajere ne ba ya shiga. In mazabod mai rami huɗu ce, a na biyu da na huɗu daga gefen firosesa ake sakawa yawanci, littafin da ke cikin kwali zai nuna maka, sannan ka shiga bayos ka kunna XMP, saitin da ke ba ram cikakken gudunsa, in ba haka ba ram ɗin da aka rubuta masa 3200 zai riƙa tafiya a 2133 ko 2400 kai ba ka sani ba.

Sai maganar da ta fi damuna, wato fawa saflai ɗin da ya zo cikin kes. Wallahi ƙanena cire shi daga lissafi. Irin waɗannan za ka ga an manna musu takarda 500W ko 650W amma ka ɗaga ka ji ba nauyi, wayoyinsa sirara, sau da yawa ma ba shi da kan waya mai fil 8 da katin girafik ke buƙata, sai a ce maka ga adafta. Araha ba ta ado, in ya tashi mutuwa ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana iya tafiya da mazabod da katin da ka fi kashe wa kuɗi. RTX 4060 ba ya cin wuta sosai, 115W ne, firosesan 65W, Nvidia da kansu 550W suka ce a nema, don haka 550W ko 650W na kamfanin da aka sani irin su Corsair, Seasonic, be quiet! ko Cooler Master mai shaidar 80 Plus Bronze zuwa sama ya ishe ka. In ka samu irin wanda ake cire wa wayoyi, da wayoyinsa kaɗai za ka yi amfani, wayar wani kamfani tana iya shiga ramin tsaf amma jerin wutar cikinta daban, nan take SSD ke ƙonewa.

Kes kuma aikin tef ɗin awo ne kawai. Babbar mazabod, wato ATX, ba ta shiga ƙaramin kes na micro-ATX amma ƙarama tana shiga babba, ka duba tsawon kati da milimita ka gwada da abin da kes ya ce yana ɗauka. 5600 na kwali yana zuwa da fankarsa, ta isa. SSD ka tabbata M.2 NVMe ne, don akwai M.2 SATA mai kama da shi amma bai kai shi gudu ba. Akwai shafin PCPartPicker, ka zuba kayan duka a ciki zai nuna maka ja in wani bai dace da wani ba, da ka saka 7600 da B550 tun farko da ya faɗa maka.

Tunda injiniyarin za ka karanta, ka yi tunani a kan katin RTX 3060 mai memori 12GB ma. A gem 4060 ya ɗan fi shi gudu kuma ya fi shi ƙarancin cin wuta, shi 3060 170W yake ci, amma 4060 8GB ne kawai, in aikin makaranta ya kai ka wajen koyar da na'ura ko manyan zane za ka ji daɗin 12GB ɗin, kuma yawancin manhajojin wannan fannin da CUDA suke aiki, wato fasahar lissafi ta katunan Nvidia masu yin RTX. In gem ne zalla RX 6600 ko RX 7600 na AMD suna yi kuma sukan fi sauƙin kuɗi.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, kuma ita ce ta fi muhimmanci a wajena. Ka bari sai ka zo. Ram ɗin kawai ka nannaɗe a ledarsa ka jefa a jakar hannu. Jakar jirgi kilo 23 ce yawanci, kes da fawa saflai da monita za su cinye maka guda sukutum, kuma gilashin kes ba ya jure jifan da ake yi wa kaya, gara ka cika wajen da yaji da daddawa da kuka da kayan sanyi masu kauri. Bayan haka abin da ka saya a PZ ko Farm Centre a Kano ko aka aiko maka daga Computer Village a Legas, in ya lalace kana Jamus wa za ka mayar wa? A nan sabon kaya daga shago doka ta ba ka shekara 2 in ya zo da matsala, in ta intanet ka saya kana da kwana 14 ka mayar ko ba dalili. Ga mai haɗa kwamfuta karon farko wannan ba ƙaramin abu ba ne, in ka yi kuskuren zaɓe sai ka mayar a canza. Akwai Geizhals da ke jera maka farashin shaguna ka ga inda ya fi sauƙi, akwai shagunan Mindfactory da Alternate, na hannu kuma Kleinanzeigen, sai dai can ka je da ƙafarka ka ga ana kunna katin yana buga gem kafin ka miƙa kuɗi, kar ka tura wa wanda ba ka gani ba. Maganar wuta babu damuwa, nan ma 230V ce kamar gida, kan fulogi ne kawai ya bambanta, namu mai ƙafa uku irin na Ingila nasu mai zagayayyun ƙafa biyu. Kibod ɗinsu ne zai ba ka mamaki, Z da Y sun yi musayar wuri, in ba ka so ka nemi mai tsarin Amurka ko Ingila.

Amma fa ko ka iso kar ka saya a watan farko, ina roƙonka. Kuɗin da aka kulle maka a asusu na biza, Yuro 11,904 na shekara tun Satumbar 2024, wato 992 suke sakar maka duk wata, daga nesa in ka buga da naira sai ka ga kamar dukiya ce, amma cikinta za ka biya haya, inshorar lafiya da ta haura Yuro 100, kuɗin simesta, abinci, ga kuɗin ajiya na ɗaki da ke iya kai wa hayar wata uku, ga Yuro 18.36 na rediyo da talabijin da kowane gida ke biya. Ɗaki ma kansa samunsa aiki ne a Oktoba, wasu sai sun yi makonni suna raɓe wajen 'yan uwa, ina za ka ajiye kes da monita? An yarda ɗalibi ya yi aiki cikakkun kwana 140 ko rabi-rabi 280 a shekara, ka samu ɗaki, ka gane kan karatu, ka samu ɗan aikinka, da wannan kuɗin za ka haɗa kwamfuta hankalinka kwance. Kafin nan laftof ɗinka ta isa lacca. In ba a hostel ɗin da wuta ke cikin haya kake ba ka san cewa wutar Jamus tana da tsada, wannan ma dalili ne na son kati mara ci da yawa.

In kuma biza ta ja lokaci har ka ga za ka ƙara wata shida ko shekara a Zariya ka ce lallai sai ka haɗa, to lissafin ya ƙaru da abu biyu. Na farko UPS, mai ba da wuta tsaftatacciya wadda suke rubuta wa pure sine wave a kwali, don fawa saflai na zamani wani lokacin kashe kansa yake in aka ɗauke wuta ƙaramin UPS na ofis ya karɓa, kuma ka duba W ɗinsa ba VA kaɗai ba, 650VA ba 650W ba ne, bai kai ba. Kar ka jona kai tsaye da ƙaramin janareta. Na biyu ƙura da zafi, ka nemi kes mai raga a gaba da matatar ƙura da fanka aƙalla biyu suna shigo da iska ɗaya tana fitarwa, ka ɗora a kan tebur ba a kan kafet ba, lokacin hunturu duk sati biyu uku ka cire ragar ka kakkaɓe, da bazara kuma ka riƙa duba zafin katin. Ranar haɗawa in hunturu ne ka san shokin nan da kake ji in ka taɓa ƙofar mota, shi ma yana kashe kaya, ka riƙa taɓa ƙarfen kes kafin ka ɗauki komai, ka riƙe ram da kati ta gefe. Katin girafik ɗan kwatano kuma ka sa a buɗe manhajar GPU-Z ka ga sunansa na gaskiya, a bar shi yana aiki mai nauyi minti 20 kana tsaye, don da yawa daga 'yan 3060 da 3070 sun sha aikin haƙar kirifto har zuwa 2022.

Ka sake rubuta lis ɗin da cikakken sunan kowane abu, har lambar mazabod da ta fawa saflai da abin da aka rubuta a jikin ram ɗin, ka ɗauko min hotonsa gaba da baya ka turo, ka kuma faɗa min garin da makarantar take in ga ko akwai ɗan uwa kusa da zai tare ka a tashar jirgin ƙasa. Ka gaida Hajiya da mutan gida.