Ina falsafa ta rabu da addini, kuma me ke inganta ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na fara karanta littattafan falsafa, sai wani abokina ya ce mini ai falsafa ma addini ce, annabi ne kawai ba ta da shi. Mene ne bambancinsu? Kuma tunda kowane masanin falsafa yana rushe maganar wanda ya gabace shi, ta yaya za a gane wadda ta inganta?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abokin naka ya hango wani abu, amma ya yi gaggawar yanke hukunci. Gaskiya ne cewa tambayoyin da falsafa take bi su ne addini yake amsawa: daga ina duniya ta fito, mene ne rai, me ya sa zalunci ya zama abin ƙi, kuma me ke bayan mutuwa. Inda suka rabu shi ne wurin da kowannensu yake samo hujjarsa ta ƙarshe. Mai bin addinin da aka saukar yana tsayawa ne a kan wahayi, kuma idan nassi ya tabbata a wurinsa, aikin hankalinsa shi ne ya fahimce shi, ya yi aiki da shi. Masanin falsafa kuwa ba shi da nassin da zai jingina da shi, dole ya kawo dalilin da kowane mai hankali zai iya bi daki-daki, ko da bai yarda da shi a kan komai ba tun farko. Ban da wannan, addini yana zuwa da ibada, da shari'a, da jama'ar da ta haɗu a kansa, da alkawarin tsira, alhali falsafa ba ta ɗora wa kowa salla ko azumi ba. Kalmar kanta daga harshen Girka ta fito, ma'anarta son hikima, kuma ta hanyar Larabci ta iso gare mu.

Wannan rabuwa ba ta nufin gaba, kuma tarihin malaman Musulunci ya isa shaida. Al-Kindi a Bagadaza, da Al-Farabi wanda ya rasu a 950, da Ibn Sina wanda ya rasu a 1037, duk sun yi falsafa suna Musulmi. Da Imam Al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya tashi yi wa Al-Farabi da Ibn Sina raddi a littafinsa Tahafut al-Falasifa, mas'aloli ashirin ya ware, a cikinsu kuma uku ne ya ce sun kai ga kafirci: cewa duniya ba ta da farko, cewa sanin Allah ya tsaya ga abubuwa a dunƙule bai shafi ɗaiɗaikunsu ba, da musanta tashin jiki ranar alƙiyama. Abin da nake so ka lura da shi, domin mutane da yawa suna tsallake shi, shi ne cewa da makamin falsafa ya yaƙe su, wato ilimin manɗiƙi, ilimin auna ingancin hujja, wanda shi da kansa ya rubuta littattafai a kansa. Daga baya Ibn Rushd na Ƙurɗuba, wanda alƙali ne kuma malamin fiƙihun Malikiyya, ya mayar masa da martani, yana mai cewa gaskiya ba ta karo da gaskiya.

Sai batun inganci, wanda a ganina shi ne ƙashin bayan tambayarka. Girman sunan mai magana ba ya inganta falsafa, haka ma daɗin lafazinta ko yawan masu binta. Abu na farko da ake dubawa shi ne ko sakamakon ya fito daga abubuwan da aka gabatar. Ɗauki wannan misali: kowane tsuntsu yana tashi sama, jimina tsuntsu ce, saboda haka jimina tana tashi sama. Ginin hujjar ba shi da aibi, domin da jimlolin farko guda biyu gaskiya ne, da babu makawa ta ukun ma gaskiya ce. Amma duk wanda ya taɓa ganin jimina tana sheƙa gudu a ƙasa ya san jimlar farko ƙarya ce. Ashe kyawun gini bai wadatar ba, sai tubalin ma ya zama mai ƙwari, kuma mafi yawan gardamar masana a kan tubalin take.

Bayan haka sai a gwada maganar a kan kanta. Wanda ya ce babu wata gaskiya tabbatacciya, sai a tambaye shi ko maganar tasa tabbatacciya ce. Duk amsar da ya bayar, ya sare reshen da yake kai. Manyan masana ma sun faɗa wannan rami. A shekarun 1920 wasu masana a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya sun kafa ƙa'ida cewa duk maganar da ba ta lissafi ko manɗiƙi ba ce, kuma ba za a iya tabbatar da ita ta hanyar gwaji ba, to ba ta da ma'ana. Sai masu suka suka nuna cewa ita kanta ƙa'idar ba a iya tabbatar da ita da gwaji. Sannan ana duba ko kalmomin sun riƙe ma'ana ɗaya daga farkon hujja zuwa ƙarshenta, da kuma ko mai ra'ayin ya fuskanci suka mafi ƙarfi da aka yi masa, ko kuwa mai rauni ya zaɓa ya kayar.

Game da rushe maganar magabata da ka ambata, ni ban ɗauke shi aibi ba, domin ta nan ne ake tace tsaba daga ƙaiƙayi, kuma ba komai ne ke rushewa ba. Masanin falsafar Girka Aristotal ya shafe kusan shekara ashirin a makarantar malaminsa Aflatun, sannan ya saɓa masa a manyan mas'aloli. Shi ma Aristotal ɗin, ra'ayinsa cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗowa ya rushe a hannun Galileo a ƙarni na 17, amma ƙa'idojin manɗiƙin da ya tsara, irin waɗanda muka auna hujjar jimina da su, har yau ana koyar da su a jami'o'i.