Amsa ga mai zuwa Eindhoven, me ake kallo a garin

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da doguwar murya. Ƙanina da ya ce zai zo kwas na sati biyu a Eindhoven ta ƙasar Holland yana tambaya ko akwai wurin yawon buɗe ido ko kuwa masana'antu ne kawai, to ga amsarka, yatsa ba zai iya rubuta wannan ba.

Gaskiya tun farko kar ka zo kana neman Amsterdam, babu waɗannan magudanan ruwa da tsofaffin gidaje da kake gani a hoto, garin ya sha bama-bamai a yaƙin duniya na biyu, aka sake gina shi, wani wurin ma ba kyan gani wallahi. Amma masana'antun nan da kake rainawa ai su ne abin kallon. Garin nan kamfanin Philips ne ya raine shi, a 1891 Gerard Philips da mahaifinsa suka buɗe ƴar masana'antar ƙwan lantarki a titin Emmasingel, kuma wannan ginin shi ne yanzu Philips Museum, daga tashar jirgin ƙasa da ƙafa ma za ka je. Ka shiga ka ga ƙwan fitila na farko-farko, da tsofaffin rediyo irin mai akwatin katako da kakanninmu ke lulluɓewa da ƙyalle, da kaset, e kaset ɗin nan da muke juyawa da biro in zare ya fito, Philips ne suka fito da shi a 1963, faifan CD kuma su da Sony. Ni dai na daɗe tsaye gaban rediyoyin nan kamar wanda ya ga ɗan garinsu.

Amma in ka ce wuri ɗaya tak zan zaɓa maka, DAF Museum zan ce. Ka san DAF ai, tirelolin nan da ke ɗaukar shanu da albasa zuwa Legas, to nan ne gidansu, Hub van Doorne ne ya fara a 1928 da ɗan wurin ƙira, shi da ƙaninsa Wim. A ciki akwai manyan motoci tun na da can, da ƙananan motocin da suka taɓa yi masu wata giya da ake kira Variomatic, wadda yadda motar ke gudu gaba haka take gudu da baya, har tseren ribas mutanen nan suka riƙa yi da su, ka ji aiki. Sannan ga motocin tseren Dakar, Jan de Rooy ya ci ajin manyan motoci da DAF a 1987, zamanin da tseren ke ratsa hamada ta wajen Agadas, ƴan Nijar na gurup ɗin nan za su tuna. Duk wanda ya taɓa zama garejin makanikai zai wuni a nan bai sani ba.

Sai Strijp-S, unguwar masana'antun Philips ce da a da in ba ma'aikaci ba ne kai ba ka shiga, har haramtaccen birni ake ce mata, yanzu an mayar da gine-ginen gidajen kwana da shaguna da wurin shan kofi, bututun ƙarfen nan duk suna nan a sama. In zuwanka ya dace da Oktoba nan ake Dutch Design Week, makon baje kolin zane da ƙira, Nuwamba kuma bikin fitilu na GLOW, dare ake yi kuma sanyi ba wasa, ka zo da rigar kirki. Evoluon kuma gini ne kamar faranti ya kife kan faranti, 1966 aka gina shi, ka je ko don hoto. Van Abbemuseum na zane-zanen zamani ne, har da Picasso, ni dai ban fahimci rabinsu ba amma ruwan da ke gefen ginin ya yi min.

Kai da na san ɗan ƙwallo ne, PSV, kulob ɗin garin, ai P ɗin nan Philips ce, 1913 aka kafa ta don ma'aikata, Romario da Ronaldo na Brazil duk nan suka fara taka leda a Turai, filin kuma yana cikin gari.

Abu biyu kafin in katse. Yawancin gidajen tarihin nan ba sa buɗewa ran Litinin, ka duba kafin ka fita. Sannan jan titin nan da ke gefen hanya na masu keke ne, kar ka taka, ni satina na farko wata tsohuwa ta danna min ƙararrawa har sai da ledar hannuna ta faɗi. Masallaci akwai Fatih a Willemstraat, naman halal kuma ka nufi Kruisstraat wajen Turkawa da ƴan Maroko. In ka sauka ka kira ni, ran Asabar sai mu fara da DAF.